Fuska ga Bango

Odessa Tibbs ta hau matakalar bayan gidan wasan tana haki, hular cocinta a karkace, ƙunshin soyayyar kaza a hammata. Baƙar fata a saman bene, farare a ƙasa. Haka garin nan na Georgia yake, ba ta tsaya ɓata rai ba. Ta daɗe rabonta da 'ya'yanta biyu, tun da suka tafi Baltimore. Yau ga su sun dawo cikin mawaƙa huɗu masu haɗa murya, ba ganga ba jita. Fuskokinsu ta zo gani.

"Biyu a cikinsu nawa ne," ta shaida wa matar da ke gefenta. "Lemuel mai siririyar murya, Roscoe mai ta kwaɗo."

"'Yar'uwa, tun a layi kike faɗa mini."

"Kuma ban gama ba."

Labule bai gama buɗewa ba wani ɗan sanda ya hau dandamali, ya juya yatsa a iska. Samarin suka juya, suka fuskanci bangon bulo.

"Kada su kalli fararen 'yan matan da ke ƙasa ne," matar ta raɗa mata.

Odessa ta tsura wa 'ya'yanta ido. Ta san zuciyar Lemuel. Ga kafaɗunsa har sun ɗaga. Sai muryar Roscoe ta cika ɗakin.

"Jama'a, ku kwantar da hankali. A ƙarƙashin matakalar bene muka koyi waƙa, muna kallon bango don ya dawo mana da murya. Tsohon malaminmu ne wannan!" Saman bene ya fashe da dariya. "Mama, in kina nan, mai faffaɗan kunnuwan nan shi ne Lemuel."

"Ja'iri!" Odessa ta ƙwala ihu, hawaye na zuba.

Roscoe ya fara daga can ƙasan ƙirji, dum, dum, dum, sauran biyun suka shimfiɗa tasu a kai, sannan muryar Lemuel ta tashi sama kamar zare. Bangon ya dawo da ita ninki biyu. Benen ya yi ta rawa da dukan ƙafa. A ƙasa ma 'yan matan da ake karewa sun haye kujeru suna ihu. Wauta ke nan tsagwaronta: an tsare ido, an bar kunne a buɗe. Odessa ta yi rawa har hularta ta faɗi.

* * *

Kafin ta ratsa cunkoson matakalar, 'yan sanda sun tura samarin mota, wai su bar gari tun da rana. Bayan motar kawai ta hango.

"Kin dai gan su?" matar ta tambaya.

"Na gan su. Roscoe ya yi ƙiba a ƙeya. Lemuel kuwa wani wanzami ya cuce shi."

Ta zauna a bakin hanya, ta kwance ƙunshin. Kazar ta huce. Ta miƙa wa matar cinyar da Lemuel yake so.