Muryata a Faifan Kioko

Kioko Mutiso a gabana ya girma. Uwarsa tana sayar da tumatir, ni ina soya kifi, rumfunanmu a jere a kasuwar bakin titi ta Kayole har shekara goma sha huɗu. Da ya fara waƙar hip-hop sai ya raɗa wa kansa Janar Aradu, ya sayi wandon soja a gwanjo, ko gaisuwa ya daina amsawa sai dai ya ɗaga maka dunƙulen hannu.

Wata Talata da hantsi buldoza ta zo. Kansilanmu, Honorabul Gitonga, ya ce wai filin na hanya ne, alhali kowa ya san ya riga ya sayar wa masu gina shaguna. Kafin tsakar rana rumfa tamanin sun kwanta. Ina tsaye kan kaskona da ya lotse ina ta tsinuwa, sai ga Kioko ya kawo waya daidai bakina.

"Ci gaba, Mama Mwende, kar ki tsaya. Tarihi ake yi."

"Tarihin uwarka! Ga ta can tana tsintar tumatir a kwata, je ka taya ta."

Bai je ba, yana ɗaukar murya.

Bayan wata biyu faifan waƙoƙinsa ya fito, waƙa goma sha ɗaya, sunansa Sun Zo da Buldoza. Ba zan ci haƙƙinsa ba, yaron ya iya jera magana. Ya kira Gitonga kura mai kwat, ya lissafa filayen da ya haɗiye ɗaya bayan ɗaya. Waƙar farko kuwa da muryata take buɗewa: "Gitonga, Allah ya isa tsakanina da kai!" Duk matatu, wato motar haya, da ka shiga zuwa gari ita ke tashi. Har nuna ni ake yi a hanya, kuma na ji daɗi.

Abu ɗaya ya hana Janar sukuni: an ƙi kama shi. Ya rubuta a intanet cewa rayuwarsa na cikin haɗari, ya ɓuya gidan gwaggonsa a Machakos kwana huɗu, ya dawo har da kumatu. Da ya ga shiru, da ƙafarsa ya je ofishin 'yan sanda yana tambaya ko ana nemansa. Sajan ya dube shi ya ce, "Kai ne wa?"

Sai zaɓe ya ƙarato. Cikin waɗanda suka fito takara da Gitonga akwai wani tsohon hedimasta, Malam Owuor, mutumin da ya yi ta raka mu kotu kan rushe mana kasuwa. Rannan ina juya kifi a bayan gidan mai, inda na koma, sai ga motar kamfen ɗin Gitonga da manyan lasifika. Na ji kaina ina ihu: "Allah ya isa tsakanina da kai!" An yanke sunan. Daga nan muryar Kioko ta shigo tana yi wa Owuor wankin babban bargo.

Na bar wa Mwende, 'yata, kaskon, na bi motar a ƙafa har filin ƙwallo. A bayan dandamali na same shi, sanye da riga mai hoton Gitonga.

"Kai, ɗan nan, wa ya ba ka bakina ka sayar?"

"Mama Mwende, ba za ki gane ba. Gwagwarmaya mataki-mataki ce. Daga ciki ake gyara."

"Cikin me? Aljihunsa?"

Gitonga ya hango mu, ya ɗauka da ni aka shirya. Ya washe baki ya ce wa taron, "Ga uwarmu, ga mai muryar nan! Hawo, Mama, ki gaisa da jama'a."

Na hau. Na karɓi makirufo, hannuna duk mai.

"Jama'ar Kayole, kun san ni. Wanda na tsine wa ranar da aka rushe kasuwa ga shi nan tsaye kusa da ni, ba Owuor..."

Kioko da kansa ya yi wa mai kiɗa alama. Aka kashe makirufon, aka saki waƙar. Muryata ta faifai ta danne ta bakina. Ina ganin matan da muka yi asarar rumfa tare suna rawa, kowacce rungume da ƙullin garin masara da aka raba. Wasu ƙarti biyu suka sauko da ni cikin ladabi, ɗayansu har yana ce min in kula da matakala.

Gitonga ya ci zaɓe. Owuor ya zo na uku, shari'armu kuma har yau ɗage ta ake yi. Kioko ya zama mai ba kansila shawara kan basirar matasa, da ofis da kujera mai juyawa. Uwarsa ta sami shago a sabon ginin. Ban ga laifinta ba, tana da jikoki, amma a coci yanzu benci daban muke zama.

Makon jiya aka yi hira da shi a rediyo. Ya ce shi bai taɓa zagin wani mutum ba, tsarin yake zagi. Mai hirar ya tambaye shi wace ce matar nan ta farkon faifan.

"Wata 'yar wasan kwaikwayo ce," in ji Janar. "Ni na rubuta mata abin da za ta faɗa."

Mwende ta miƙa hannu za ta kashe rediyon. Na ce ta bari, ina so in ji ko zai ce shi ya tuƙo buldozar ma.