Falon da Ya Ƙi Bushewa

Tsohon direban ya sake dangwala yatsa a bango, yatsan ya fito da shuɗi.

"Baba, taɓawa ba ta busar da fenti," in ji Auta daga bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi.

Yau za a sallami matarsa daga asibiti, bayan makonnin da ta kwashe tana fama da ciwon ƙirji. Shekara da shekaru tana mitar bangon falon nan, wai ya koma kamar gindin tukunya, shi kuwa amsarsa kullum ita ce a bari a kwana biyu. Da gidan ya yi masa tsit babu mai mita, sai ya ji ba abin da yake so a duniya kamar ta dawo ta tarar da bango sabo fil. Ya sayo fentin mai, don mai shago ya ce shi ne mai ƙarko.

To, direba dai direba ne. Mutumin da ya saba haɗa lodi biyu a tafiya ɗaya, shi ne ya lafta shafi na biyu a kan na farko tun bai sha iska ba. Sanyi kuma ya matsa, ya rufe tagogi ruf, har da cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Ga shi yanzu bango na naso, wari ya bi gidan lungu-lungu, har cikin matasan kai.

"Likita ya ce ban da sanyi, ban da wari," in ji Auta a hankali. "Gidana zan wuce da Mama sai ya bushe."

"Kafin la'asar zai bushe."

"Baba..."

"Na ce zai bushe!"

Tana fita ya wangale tagogi duka, ya jawo fanka ya saita ta a bango. Ya ɗora suwaita a kan suwaita, ya zauna a kan bokitin da ya kife, haƙoransa na haɗuwa. Tsoro ne ya kama shi, ba sanyi kaɗai ba. Ya yi ta ƙirgen zuwan ranar nan kamar yaro, kuma da hannunsa ya rufe wa matarsa ƙofar gidanta.

La'asar ta yi, bango na nan jiya-i-yau. Ya ji tsayuwar mota, ya fita yana ɓoye hannaye a baya.

Matarsa tana kujerar baya, an naɗe ta da bargo, ta rame sosai. Ta sauke gilashi kaɗan, ta leƙa falon ta tagar da ke buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Ni ne."

"Ai na gani. Har da makunnin fitila ka shafe." Dariya ta taso mata, tari ya tare ta. Da ya lafa ta ce, "Ya yi kyau, Malam. Wallahi ya yi kyau."

Ya sunkuyar da kai. "Ki je wurin Auta. Ni zan zauna in kula da shi, da ya bushe in zo in ɗauke ki."

"Ka kula da bango? Guduwa zai yi?" Ta miƙo hannu ta kamo nasa, fentin da komai. "Ji hannu kamar ƙanƙara! In bar ka a nan tagogi a buɗe, ni na fito asibiti kai ka shiga? Can ma na gaji da kwana ba mai minshari."

Auta ta kau da kai, wai tana gyara madubi.

Ya koma ciki ya kashe fanka, ya bar tagogin yadda suke, ya kulle ƙofa. Ya nufi gaban mota kamar yadda ya saba duk rayuwarsa, har ya kama murfin. Sai ya saki, ya zagaya ya shiga baya, ta ɗaga masa gefen bargon.