Bidiyon Baba Jita-jita

Tun yana saurayi ya sayi jitarsa ta farko a hannun wani direban tirela, daga nan bai ƙara ganin jita a kasuwa ya wuce ta ba. Har ya yi ritaya daga gidan waya yana tara su. Ɗakin baƙi ya cika, kaya suka malalo falo. Kabad ɗin matarsa ma baranda aka tura shi, wai amfilifaya, na'urar ƙara sautin jita, ba ta son danshi. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Baba Jita-jita, shi kuwa ya ɗauka kirari ne.

Abin da ba mai iya faɗa masa shi ne, duk shekarun nan waƙa ɗaya tak ya iya kaɗawa, ita ma sai ya tsaya a tsakiya yana laluben inda zai sa yatsa.

Ran nan autarsa ta zo da labari: wani matashin mawaƙi, abokin mijinta, yana son ɗaukar bidiyo a falon. Baba ya gyara zama.

"Ai na san za su neme ni," ya ce.

"Baba, falon fa suke so."

Bai ji wannan ba. Ya canza tsarkiya, ya rina gemu, ya zaƙulo wata jaket ta fata da ta daina rufe masa ciki tun kafin a haifi autar.

Da masu kyamara suka iso, daraktan ya dubi bango ya riƙe baki. "Kai, Baba, kaya sun yi! Ɗan matsa gefe, kana tare mana jar jitar can."

Baba ya matsa. Aka sake cewa ya matsa, har ya tsinci kansa a bakin kicin kusa da matarsa, tana ta danne dariya da gefen mayafi. Zuciya ta ɗebe shi, ya dawo tsakiyar falo.

"Ko in kaɗa, ko ku tattara wayoyinku."

Daraktan ya kalli mawaƙin, ya ce, "Bismillah, Baba."

Ya jona babbar amfilifayar, ya ƙure ta. Tagogi suka kama rawa, mai kyamara ya toshe kunne ɗaya da kafaɗa. Baba ya rufe ido ya yi ta yi har gumi ya wanko rinin gemu zuwa wuyan riga.

Da bidiyon ya fito ya tara maƙwabta a gaban talabijin. Can kusa da ƙarshe aka hasko shi yana girgiza kai. Sautinsa kam an cire shi kaf, an ɗora kiɗan wani gwani. Baba ya gane tun daga bugun farko.

Wani maƙwabci, mai kantin kan kwana, ya zabura. "Baba! Ashe haka ka iya kake ɓoye mana?"

Baba ya saci kallon matarsa, ya yi gyaran murya. "To, ba komai ake nunawa ba."

"Wallahi ranar buɗe sabon shagona kai za ka kaɗa mana wannan!"

Washegari aka ga Baba ya fito da bandeji a hannun hagu, wai jijiya ce ta hau. Matarsa ce ta naɗa masa, kuma ta ɗaure shi tamau har sai da ya yi ƙara.