Inda Baba Ke Kafa Tanti

Iska ta fizge gefen tantin, turke ya yi tsalle ya daki ƙofar mota, Ikilima ta saki igiyar da ke hannunta ta waiwaya. A nan ne ta ga kujerar gaba wayam. Ƙofa a buɗe, bargon da ta lulluɓa wa mahaifinta yashe a ƙasa, sandarsa jingine da taya.

"Yaya, ina Baba?"

Zaharaddeen, yayanta, yana durƙushe da guduma a hannu. Bai ko ɗago ba ya ce yana mota mana, ina zai je. Da ya juyo ya ga abin da ta gani, sai gudumar ta suɓuce daga hannunsa.

Suka zagaya motar, suka leƙa ƙarƙashinta kamar masu neman ɗan akuya. Zaharaddeen ya hau saman motar yana ƙwala kira, iska tana mayar masa da muryarsa baki. Babu kowa, sai yashi da duwatsu da rana da ta riga ta karkata bayan la'asar. Tantin da suka sha wahalar ɗagawa ya kife a bayansu, ba wanda ya kula shi.

Baba Usuman ya haura saba'in, kuma tun bara mantuwa ta fara cin sa. Wani lokaci zai ba ka labarin ranar da ya sauka tashar jirgin ruwa ta Jidda daga Sudan, yana saurayi da buhu ɗaya a kafaɗa, har kalar rigar da ya sa. Wani lokaci kuma sai ya tsaya a tsakar ɗaki yana tambayar ina bayi yake. Ga ciwon suga, ga shi tun azahar bai sa komai a bakinsa ba. In rana ta faɗi a wannan hamada sanyi ba ya tausayin saurayi, balle tsoho mai jallabiya ɗaya. Ikilima ta san duk wannan, don ita ke ba shi magani safe da yamma.

Ita ce ma ta matsa a fito. Tun da sanyi ya shigo, Baba yake maimaita magana ɗaya, a kai shi kashta, irin fitar da mutanen Jidda ke yi zuwa hamada su kafa tanti su kwana. Unguwar da ya yi rayuwarsa yana gasa tsire an rushe ta, sun koma wani bene a Kurayyat inda bai san kowa ba. Umma ta rasu. Abin da ya rage masa na da shi ne wannan fili na hanyar Usfan, inda yake kai su kowace shekara suna yara.

Zaharaddeen direba ne a wani gida a Abhur, ya sha kai yaran uban gidansa irin wannan fita, don haka shi ya zaɓi wuri. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai laushin yashi, kusa da titi, waya tana kamawa, ga tantunan wasu iyalai ana hangowa idan wani abu ya taso da tsoho. Ikilima ma ta ga dacewarsa. Baba kaɗai ya leƙo ta taga ya ce ba nan ba ne. Zaharaddeen ya yi dariya ya ce, Baba, duk yashi ɗaya ne, halas, shi ke nan, mun iso. Tsohon ya mayar da kansa ciki. Suka bar shi a mota yana kallon gabas, suka shiga kokawa da iska.

Yanzu Zaharaddeen ya diro ƙasa. Ya ce titi Baba zai nufa, gida zai ce za shi, haka ya yi watan jiya da aka tsince shi yana neman tasi zuwa Balad, tsohon cikin garin Jidda. Ya ce ta shiga su tafi. Ikilima ta ce a'a, in ya dawo ya tarar ba kowa fa? Ya faɗa mota, ya bar ta cikin ƙura.

Ta duba ƙasa ko za ta ga sawu, amma iska ta share komai. Ta taka zuwa inda yashi ya ƙare tsakuwa ta fara, abayarta tana kaɗawa, bakinta yana ta addu'ar da ba ta ma jin kanta. Sai ta yi turus. Takalman Baba ne a gabanta, ƙafa biyu a jere, an ɗora musu dutse don kada iska ta kwashe.

Wanda ya ruɗe ba ya ɗora wa takalmi dutse. Ta durƙusa ta taɓa su, kuma nan take ta ga kanta tana yarinya a bayan tsohuwar motarsu ta ɗaukar kaya, ita da Zaharaddeen a matse tsakanin buhun gawayi da jarkokin ruwa, Umma a gaba da tukunya a cinya. Baba zai tsayar da mota, ya cire takalma, ya danne su da dutse, ya tafi yawo ƙafa ba takalmi. Yakan ce takalmi ba zai gaya maka ko ƙasa za ta riƙe turke ba. Su kuma su yi ta ƙorafin yunwa, Umma tana leƙowa tana cewa ku bar shi, gona yake saya mana.

Ashe ba gida ya nufa ba. Wurin kafa tanti ya tafi nema.

Ta kira Zaharaddeen ta faɗa masa. Ya ce ta daina mafarki, ya tambayi mutane a tantuna biyu ba wanda ya gan shi, zai kira jami'an ceto. Ta ce ya kira, amma ita ta tafi. Ya tambaya ina. Ta ce inda Baba zai je.

Ta rungume takalman da bargon, ta tsaya ta dubi filin yadda shi zai dube shi. A hagu akwai kwari mai ciyawa kore shar, wuri mai daɗin ido. Nan ba zai je ba ko da hankalinsa ya gushe gaba ɗaya. Wata shekara ta yi kuka har da birgima sai an sauka a irin wannan kwarin, ya ɗauke ta a kafaɗa ya hau da ita tudu. Washegari suka ga ruwa ja ya cika kwarin yana tafiya da tankin wani, alhali ko ɗigo bai sauka a kansu ba, can kan duwatsu aka yi ruwan. Tun daga ranar ba ta sake roƙon ciyawa ba.

A gaba akwai bishiyar ƙaya mai faɗin inuwa. Ita ma ta wuce ta. Zaharaddeen ne ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin irinta, Umma ta wuni tana cire masa kaskar raƙuma a bayan kunne, yana ihu suna dariya. Tudun yashin da ke dama kuwa, wanda matasa ke hawa da babura, iska ce ke mulkinsa. Abin da ya rage shi ne wani baƙin tsauni can gaba, wanda ya ba arewa baya. Baba kullum bayan dutse yake nema, inda iskar shamal mai tasowa daga arewa za ta bi ta kansu ta wuce.

Ta kama hanya. Tsaunin da ta ɗauka kusa ne ya yi ta ja da baya. Tsakuwa tana shiga mata takalmi, numfashinta yana sama-sama, inuwarta tana ƙara tsawo a gabanta. Sau biyu ta tsaya tana tunanin ko Zaharaddeen ne da gaskiya, ko yanzu haka Baba yana bakin titi motoci suna wuce shi da gudu. Sai ta ga ɗigon jini a kan wani farin dutse, ɗan kaɗan, bai gama bushewa ba. Ta tattare abaya ta sa gudu.

A gindin tsaunin ta ci karo da shingen waya wanda a da babu shi. Ƙofarsa ta itace da waya tana buɗe, igiyar da ake ɗaure ta an kwance an rataye ta a kan ginshiƙi. Ta shige ba ta tsaya ba, ta bi ta kan kashin raƙuma, ta zagaya bayan dutsen. Iska ta ɗauke ɗif kamar an rufe ƙofa.

Yana nan. Yana durƙushe yana jera duwatsu a layi, yana gyara ɗan masallacin da suke yi da duwatsu a duk inda suka sauka, da ɗan lanƙwasa a gaba wajen alƙibla. Rabin duwatsun sun nutse a ƙasa, sun yi shekaru a wurin. Ga murhunsu ma can gefe, duwatsu uku baƙi ƙirin. Ga kuma faffaɗan dutsen da Umma ke zama a kai tana dama jabana, gahawar mutanen Sudan, tana korar su kada su zubar mata.

Ikilima ta tsaya tana kallonsa. Ta zauna a ƙasa.

Baba ya waiwayo ya dube ta, ba alamar mamaki a fuskarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata, kun daɗe. Ina uwarku, ba ta sauke kayan ba?"

Ta ƙura masa ido. Shi ne ya sauke ido kan dutsen da ke hannunsa, ya juya shi, ya ajiye a layi.

"Na sani," ya ce a hankali. "Na san ba ta nan. Bakina ne ya saba."

Ta matso ta lulluɓa masa bargo, ta ciro dabino daga jakarta ta sa masa a hannu, ta tsare shi da ido sai da ya ci. Ta ɗaga ƙafarsa ta duba. Ƙaya ce ta yanke shi a diddige, ba mai zurfi ba. Tana ɗaure masa da gefen mayafinta tana yi masa faɗa, ta ce ya kusa kashe su da tsoro, ko sanda bai ɗauka ba. Ya ce da ya faɗa musu ai sun ce duk yashi ɗaya ne. Ya buga tafin hannunsa a ƙasa ya ce ta taɓa ta ji. Ta taɓa. Yashi ne a sama, ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashi, da sauran ɗumin rana a jikinta.

Sai da ta hau rabin tsaunin waya ta kama. Da ta faɗa wa Zaharaddeen, sai ta ji yana jan hanci. Ya ce ta riƙe shi gam, ga shi nan zuwa ya ɗauke su su koma gida. Ta dubi ƙasa, ta ga Baba yana auna faɗin tanti da takunsa, yana ɗingishi.

"Yaya, ka naɗo tantin. Nan za mu kwana."

Ya fara cewa ta haukace, tsoho da rauni, wuri ba waya, ba mutane. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce masa murhun Umma yana nan yadda ta bar shi. Bai sake musu ba, illa ya tambayi ta ina mota za ta shiga.

Ya iso da tantin a cukuikuye a saman mota kamar kayan wanki. Ya fito ya rungume mahaifinsa ya daɗe bai sake shi ba, har tsohon ya ture shi ya ce yalla, maza, rana za ta faɗi, a kafa tantin ya ba arewa baya. Zaharaddeen ya buga turke na farko ya shige ya tsaya cak. Ya ja igiya da ƙarfinsa, ko motsi. Baba ya tambaye shi ko har yanzu duk yashi ɗaya ne. Ya ce wallahi Baba ka ci, a bar maganar.

Suka yi magariba a cikin layin duwatsun, Baba a gaba, bai ɓata ko aya ɗaya ba. Da aka sallame ya karɓe gawayi daga hannun ɗansa, ya ce direba ba ya hura wuta. Hannuwan da ke rawa in zai ɗauki kofi suka tsire nama a tsinke suka barbaɗe shi da ƙuli da yaji ba tare da ya duba ba. Ƙamshin ya tashi ya cika bayan dutsen, irin ƙamshin da ke bin rigarsa in ya dawo gida suna yara. Ikilima ta zauna a kan dutsen Umma ta ɗora gahawa. Zaharaddeen yana satar nama a wuta, Baba yana dukan hannunsa da mafici.

Ita ta fara jin ƙarar injin. Wata motar ɗaukar kaya ce ta zagayo tsaunin da gudu, fitilunta a kunne, ta ci burki har tsakuwa ta watsu a jikin tantin. Wani dogon mutum ya diro, rawaninsa a warware, sanda a hannu, ƙura har gira. Bai yi sallama ba. Ya dubi tantin, ya dubi wutar, ya dubi su ukun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nuna wajen shingen da sandarsa ya yi magana da Larabcin mutanen ƙauye, a hankali, kamar mai danne wani abu a ƙirji.

"Raƙumana duk sun fice, sun nufi babban titi, ga duhu ya shigo. Wane ne a cikinku ya kwance mini ƙofa?"