Ƙanƙarar Ɗan Sama

Alherin da aka yi da haushi, alheri ne? Wa ya sani. Shi dai Mai Ƙanƙara, ranar da 'yar maƙwabcinsa ta tsaya a ƙofar shagonsa da bokiti, ko tambayar bai yi wa kansa ba.

"Baba, jikinsa kamar garwashi. Kwana biyu ba mu da wutar lantarki, firjinmu ya zama akwati. Likita ya ce a sanyaya shi."

"Ki ce masa ya aika sama a kawo masa. Ba can ya ce ta fi yawa ba?"

"Saya zan yi, Baba."

"Ba ta sayarwa ba ce. Ba ni hanya."

Ubanta tsohon malamin makaranta ne. Unguwa na kiransa Ɗan Sama, don ba shi da zance sai na wata ƙatuwar duniya mai zobe da watanninta na ƙanƙara. Shekara tara ke nan suna gaba. Ruwan firjojin shagon ne ya ci gindin katangar malamin, ya jiƙa masa akwatin littattafai. Malamin ya kai ƙara, aka rufe shagon wata uku, masu saye suka watse. Amma abin da ya tsaya wa Mai Ƙanƙara a maƙogwaro shi ne maganar da malamin ya yaɓa masa a gaban jama'a: "Wannan ce ƙanƙara? A can ƙanƙara ce dutsen ƙasarsu. Kai ruwa kake sayarwa mai girman kai."

Da la'asar yana sara wa masu lemo ƙanƙara, sai murya ta tsallako katanga, a shaƙe. Zazzaɓi ya mayar da malamin aji.

"Wata na farko, samansa hazo ne ja-ja. Ana ruwa, amma ba irin namu ba, gas ne sanyi ya mai da shi ruwa, har da koguna. Na biyu fari fat, ya tsattsage, tururi na feshi ta tsagar. Ku rubuta: a ƙarƙashin ƙanƙarar akwai teku."

Tari ya sarƙe shi. Can ya ce, "Wancan mugun ya hana, ko?"

"Ya hana, Baba."

"Ai na faɗa miki. Shi har ƙasa ƙanƙara ce. Babu teku."

Mai Ƙanƙara ya ajiye adda. Matarsa ta leƙo daga cikin gida.

"Ka dai ji da kunnenka."

"Na ji. Yana bakin kabari, bakinsa bai mutu ba."

"To, kai ma ai naka na nan da rai."

Ya yi tsaki. Ya sallami masu lemo, ya yi ta kai-komo a shago. Sai da rana ta karkata sannan ya jawo mafi girma, ya naɗe ta a buhu, ya saɓa a kafaɗa. "Bari in je in ƙaryata shi," ya ce.

Ya tarar 'yar ta riga ta ja mayafi ta rufe fuskar ubanta. Ta dube shi, idonta a bushe.

"Yanzu?"

"Ina zan ajiye?"

"Ajiye ko ka fita da ita, duk ɗaya."

Ya sauke ta a gefen gadon. Ɗakin kamar tanda, nan da nan buhun ya fara ɗiga. Ruwan ya kama hanya a kan siminti, siriri, ya nufi akwatin littattafan da ke lungu.

Mai Ƙanƙara ya sunkuya, ya ɗaga akwatin ya ɗora a kan kujera. Ruwan ya bi ta ƙarƙashi ya wuce.