Kibiya Mai Jan Zare

A shekarar da Turawa suka shata gandun daji tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, aka hana farauta a cikinsa, aka ɗora wani maharbi mai suna Ɗanjuma ya yi gadi. Ranar da ya karɓi aikin, sai ya ɗauki kwarinsa da bakansa ya kai wa Malam Mahmuda, limamin unguwarsu.

"Allah gafarta Malam, ga ajiya. In suna ɗakina, hannuna ba zai haƙura ba."

Malam ya yi dariya, ya rataye su a zaure.

To, Malam yana da aboki, Sabitu, attajiri ne mai fataucin fata. Su biyun ba abin da suka rasa, nama kuwa har ya gundure su. Wata Alhamis da hantsi, ranar da ba karatu, Sabitu ya dubi kwarin nan ya ce, "Kai dai Malam, tawada ta cinye ka. Na rantse ko akuyar ɗaure ba za ka iya harba ba."

"Ni? Tun kana tallan dawo nake kayar da barewa."

"Ga gandu can, ga baka. A gani a ƙasa!"

Suka tafi suna ta raha kamar samari. Malam ya harbi barewa, ya kuwa same ta a cinya, amma ba ta faɗi ba. Ta ruga da kibiyar a jikinta. Suka bi jini har suka gaji, suka dawo gida suna musun wa ya fi haki.

Abin da ba su lura da shi ba, kowane maharbi yana da alamar da yake yi wa kibansa. Ta Ɗanjuma jan zare ce a gindi, kuma duk ƙasar an san ta.

Kashegari dogarai suka tsinci barewar a bakin hanyar Kurfi, ta mutu. Aka kai Ɗanjuma gaban hakimi. Malam yana cikin manyan da ke zaune a gefe.

Hakimi ya ɗaga kibiyar ya ce, "Ta wa ce wannan?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya harba ta?"

Ɗanjuma ya ɗago kai ya dubi Malam. Ya daɗe yana dubansa. Malam ya sunkuyar da kai, yana ta jan carbi.

"Tawa ce dai, ranka ya daɗe."

Aka yi masa bulala a bainar jama'a, aka tuɓe shi daga gadin.

Da bayansa ya warke, ya je zauren Malam ya yi sallama.

"Na zo karɓar ajiyata."

Malam ya miƙo masa. "Ɗanjuma, zauna mana, akwai maganar da..."

"A bar ta, Malam. Da akwai lokacin da na so jin ta."

Daga ranar bai ƙara bin Malam salla ba. In an kira, sai ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida, ya yi shi kaɗai. Malam kuwa duk sanda ya sallame, sai ya waiga ya dubi wurin da Ɗanjuma yake tsayawa a sahun farko.