Garka Mai Jan Turke

Illo yana da wani irin tumatir da babu mai shi a duk Tamanrasset. Ba shi da kyan gani. Tsage-tsage ne da shi kamar kabewa, wani ma sai ka ga ƙaramin ɗa manne a gefensa, amma duk zafin rana ba ya zubar da fure. Daga ƙauyensu na ƙasar Tasawa ya zo da shi, ƙulle a bakin rawani, shekara goma sha tara ke nan. A can gida irin ya ɓace tun wata shekarar fari. Na hannunsa ne kaɗai ya saura, shi ma bana ɓera ya shiga gwangwanin da yake ajiye shi, abin da ya bari bai cika tafin hannu ba. Illo ya shuka shi duka a garkar da wani Buzu ya ba shi riƙo a bakin kwari.

A wannan shekarar ne wani buro, wato ofishi, na binciken noma ya aiko mutane garake, suna son gane ko shawarar malaman gona tana da amfani. Suka kafa farin turke a garka goma, ja a garka goma. Masu fari ana ba su tarko da magani da karatu, masu ja kuwa sai dai a zo a ƙirga ganye a tafi. Illo ja ya samu. Tafintan masu binciken wani matashi ne, Abdurrazak, shi ma ɗan ƙasar Tasawa. Da suka bi salsala sai ga shi kakarsa da uwar Illo rijiya ɗaya suka sha. Tun daga ranar, in ya zo ƙirga, sai ya zauna shayi.

Akwai wata tsutsa da ke shiga tsakanin fatar ganye tana zana farin layi mai lanƙwasa, kai ka ce rubutun ajami ne. Illo ya san ta. Garin taba da barkono da sabulu yake jiƙawa ya yayyafa duk kwana huɗu, ba ta taɓa cin ƙarfinsa ba. Wata biyu da fara aikin, garkarsa ta fi ta masu farin turke kore.

Ran nan Abdurrazak ya daɗe yana kallon kunyoyin, ya ce, "Baba, alfarma nake roƙo. Ka ɗaga hannu daga jiƙon nan. So muke mu ga ƙarfin irin shi kaɗai, a rubuta shi da sunanka."

"Ɗana, ba ni da wani a gwangwani."

"Na sani. Da ka ga tsutsa ta yi yawa, ka kira ni, ni zan kawo magani da hannuna."

Illo ya ba shi hannu. Ya zubar da jiƙon a gindin dabino.

Tijani, maƙwabcinsa mai farin turke, ya leƙo ta kan shinge bayan sati biyu. "Tsoho, almajiranka sun cika allo. Ba za ka wanke ba?"

"Na yi alkawari."

"Da tsutsar?"

Illo ya ɗauko waya. Ya kira Abdurrazak, aka ce yana can garin In Ekker. Ya sake kira, Abdurrazak ya ce gobe. Goben ta yi kwana goma sha ɗaya. Ganye ya bushe ya koma kamar takarda, tsutsa ta gangara cikin 'ya'yan tun suna ɗanye. Sau biyu Illo yana ɗaukar garin taba ya mayar, don mutum ba ya ba da hannu ya janye.

Da hantsin wata Talata motoci biyu suka tsaya. Baƙi suka fito da huluna da takardu, suka fara da garkar Tijani, sannan suka shigo tasa. Abdurrazak na gaba, yana nuna kunyoyin yana bayani da Faransanci. Bai dubi Illo ba. Wata mace ta ɗauki hoton ganyen, ta girgiza kai da tausayi.

Tijani ya yi lekkol, makarantar boko, aji huɗu, yana ɗan jin Faransanci. Illo ya matsa kusa da shi, ya ce, "Ya faɗi sunana?"

"Bai faɗa ba."

"To me yake cewa?"

Tijani ya sosa ƙeya. "Wai ga yadda garka take zama in manomi bai samu shawara ba."

Illo ya jira har baƙin suka nufi mota, ya tare Abdurrazak a bakin shinge. "Ina maganin?"

"Baba, ka fahimce ni. Taka ta fi tasu kyau, lissafin duka ya rikice. Da an kai rahoto haka, aikin zai tsaya, mutum ashirin za su rasa abin yi."

"Ka san ba za ka kawo ba tun ranar da ka karɓi hannuna?"

Abdurrazak ya sunkuyar da kai. Ya zaro wani ɗan fakiti mai hoton jan tumatir sumul, ya miƙa. "Wannan daga waje yake zuwa, ya fi..."

Direba ya danna oda. Abdurrazak ya ɗora fakitin a kan shingen ya tafi da sauri.

Illo ya bi kunyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tsinke duk wanda ya ɗan nuna, ko da rabinsa ya ruɓe. Guda goma sha uku ya samu. Ya zauna a bakin rijiya, ya fasa su, ya fitar da tsutsa da farce, ya tatse ƙwayoyin cikin ƙwarya. Iri mai rai nutsewa yake yi, fanko kuwa ya taso sama. Ya zuba ruwa, ya motsa da yatsa, ya jira ya kwanta.

Tijani ya tsuguna gefensa, ya leƙa. "Ko ɗaya?"

Illo ya karkata ƙwaryar wajen haske, ya duba ƙasanta da kyau. Ya sake motsawa.

"Bari mu ƙara ba shi lokaci," in ji shi.

Ƙwayoyin suka zagaya a saman ruwan, suka taru a gefe.